Na ajiye tsumagiya na koma alawa, yanzu yara suna tambayata "me za a ba mu?"

Malamar Aji Huɗu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon rubutun.

Ina koyarwa a firamare ta gwamnati, aji huɗu. Yara 94 ne a rajista, masu zuwa kullum sun kai 80. Tun farkon zangon nan na yi wa kaina alkawarin ajiye tsumagiya. Dalili kuwa, a zangon da ya wuce na zane wani yaro saboda surutu, washegari ya zo da shatin bulala a damtse. Uwarsa ba ta zo ba, ba ta aiko ba. Amma shi yaron ya yi sati biyu ko kallona ba ya yi. In na tambaye shi abin da na tabbata ya sani, sai ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin rigarsa. Abin ya tsaya min a rai.

Sai na koma yabo da kyauta. Na cire kuɗi daga albashina na sayi ledar alawa da fensir dozin biyu. Wanda ya zauna shiru, alawa. Wanda ya amsa tambaya, a tafa masa. Sati biyun farko ajin ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke, har malamin aji biyar ya leƙo yana tambaya ko jarrabawa muke yi. To yanzu fa labari ya sha bamban. Jiya na ce a share aji, wata yarinya ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, "Malama, me za a ba mu?" Duk ranar da ban zo da alawa ba ajin ya fi da lalacewa. Tafin ma ya zama wasa, ko wanda ya kwafsa amsa sai su tafa masa suna ƙyalƙyala dariya.

Ni ce na ɓata abin, ko dama yabon nan bai dace da yaranmu ba?

Maman Ihsan:
Wa alaikumus salam. Malama, wallahi sai da na yi dariya da na zo wurin tsintsiyar nan. Haka gidana yake. Na saba wa yarana da naira hamsin in sun yi wanke-wanke, yanzu ko ruwa na ce a miƙo min sai an yi ciniki. Na shimfiɗa tabarma, tare za mu jira amsa.

Tsohon Hedimasta:
'Yata, sannu da ƙoƙari. Na kama aikin nan a 1976, shekarar da aka fara UPE, shirin ilimin firamare ga kowa, na ajiye shi bayan shekara 35. Abin da zan faɗa ba zai yi wa 'yan zamani daɗi ba. Yaro ba don alawa yake natsuwa a aji ba, yana natsuwa ne don ya san akwai babba a wurin. Ban ce ki kama duka ba ji ba gani ba. Amma tsumagiyar nan, ko ba za ki taɓa kowa da ita ba, ki bar ta a kan tebur, ganinta kaɗai ya yi rabin aiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sannan albashin naki nawa ne da za ki shayar da yara 80 alawa har ƙarshen shekara?

Malamar Kwaleji:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Tambayarka ta ƙarshe ita ce ta kamo bakin zaren.

Malama, ni halayyar yara nake koyar da 'yan NCE, kuma abin da ya same ki an daɗe da saninsa. A 1973 wasu masana uku a Amurka, Lepper da Greene da Nisbett, suka je makarantar nazare ta Jami'ar Stanford suka zaɓi yara waɗanda dama can suna son zane da alƙalami mai launi, ba wanda ya sa su. Suka kasa su uku. Kashi na farko aka ce musu in sun yi zane za a ba su takardar yabo mai tambarin zinare da kirtani. Kashi na biyu ba a yi musu alkawarin komai ba, sai da suka gama aka miƙa musu takardar ba zato. Na uku ba a ba su komai ba. Bayan mako ɗaya zuwa biyu aka sake ajiye alƙaluman a aji, aka koma gefe ana kallo. Waɗanda aka yi wa alkawari, lokacin da suka ɓata a kan zane bai wuce kusan rabin na sauran ba. Abin da suke yi don daɗi ya koma musu ƙwadago, kuma ɗan ƙwadago ba ya aiki ranar da babu biya.

Yarinyarki mai tsintsiya ba rashin kunya ta yi ba. Darasin da kika koya mata ta haddace: a ajin nan ana sayen ladabi, farashinsa alawa ɗaya.

Ki lura da kashi na biyu, su ba abin da ya same su. Ashe ba kyautar ce ta yi ɓarna ba, cinikin ne. Kuma yabo daban, lada daban. Ke lada kika yi ta rabawa. Tafin ma da ya zama na kowa da kowa a kan komai, ai ya tashi daga yabo ya koma amo. Yabo shi ne ki tsaya kan yaro ki ce, "Na ga ka jira ta gama magana kafin ka ɗaga hannu." Ko sisi ba ki kashe ba, kuma ya san ainihin abin da zai sake yi gobe.

Baban 'Yan Biyu:
Ni fa duk lokacin da aka ce "wani bincike a Amurka" sai in ji na gaji. Yara nawa ne a ajinsu? Da fanka da kujera da abincin rana. Ita wannan baiwar Allah tana da 80, rabinsu a ƙasa suke zaune, wasu ko karin kumallo ba su yi ba. Manufar ilimi ta ƙasa cewa ta yi malami ɗaya yara 35 a firamare, ina aka taɓa gani? A fara ba ta aji irin na littafi, sannan a kawo mata dabarar littafi. Mu an dake mu, ga mu nan mun zama mutane.

Ɗan Ƙauye:
Yallaɓai Baban 'Yan Biyu, a bar Amurka, zo mu je gona. Ka taɓa zuwa gayya? Samari talatin a jere da garma, rana ta take, kowa ya fara jan ƙafa. Sai makaɗi ya matso bayan mutum ɗaya da gangarsa, ya kira sunansa, ya kira na ubansa da na kakansa, ya yi masa kirari. Wallahi sai ka ga ƙura ta tashi. Wanda ɗazu yake haki shi zai riga kowa kaiwa bakin gona, na kusa da shi kuma ya ce ba a isa ba. Ba wanda ya ɗaga bulala.

Amma ka lura da makaɗin. Ba ya yi wa na gindin bishiya kirari. Ba ya kuma tsayawa a tsakiya ya ce "dukkanku gwanaye ne". Yana bin wanda garmarsa ke cikin ƙasa a daidai wannan lokacin, da sunansa. Haka ɗan dambe, haka maharbi, haka mahauci. Mu da muke da makaɗan kowace sana'a, a ce yabo baƙo ne a wurinmu? Manya muke yi wa, yara ne muke yi wa rowa.

Maman Ihsan:
Ɗan Ƙauye ka gama magana.

Ustaz:
Bismillah. Tunda an tambaya ko yabo namu ne, bari in sa baki.

Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, yana saurayi yana kwana a masallaci, ya yi mafarki ya ba wa yayarsa Hafsa labari, ita kuma ta gaya wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sai ya ce, madalla da mutum Abdullahi, da a ce yana sallar dare. Ɗansa Salim ya ce tun daga nan Abdullahi ba ya barcin dare sai kaɗan. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Ku dubi yadda aka jera maganar: yabo na gaskiya a gaba, sannan matakin da ya rage.

Haka Abu Bakrata, ya shigo masallaci ya tarar ana ruku'u, gudun kada raka'a ta wuce shi sai ya yi ruku'u tun bai kai sahu ba. Annabi ya ce masa, Allah ya ƙara maka himma, amma kada ka sake. Kuskure ya yi, amma sai da aka fara ganin niyyar da ta jawo kuskuren.

Sai dai kada mu ɗauki rabi mu bar rabi. Shi dai Abu Bakratan ne ya ruwaito cewa wani ya yi ta kambama wani a gaban Annabi, sai ya ce masa, kaiconka, ka yanke wuyan abokinka. Wato akwai yabon da ke kashe mutum. Malamai sun ce wannan shi ne wanda aka wuce gona da iri, ko aka faɗi abin da babu, ko aka yi wa wanda ake jin tsoron kansa zai kumbura.

Imam Gazali a cikin littafinsa Ihya ya yi maganar yaro kai tsaye. Ya ce in ya nuna hali mai kyau a girmama shi, a saka masa da abin da zai faranta masa, a yabe shi a gaban mutane. In ya yi kuskure karo ɗaya a kau da kai, kada a tona shi, musamman in shi ma yana ƙoƙarin ɓoyewa. In ya sake, a yi masa faɗa a asirce, kuma kada a yawaita faɗan har kunnensa ya saba. Mu kuwa mun juya abin: laifi a filin asambuli gaban yara dubu, alheri kuwa ko a ofis ba a ambata.

Baban 'Yan Biyu:
Allah gafarta Malam, hadisin umartar yara da salla suna shekara bakwai, a dake su a kanta suna goma fa? Shi ba ka kawo ba.

Ustaz:
Yana nan a Abu Dawud, ban ɓoye shi ba. Amma ƙirga da ni. Daga bakwai zuwa goma shekara uku ce, salla biyar a yini, ya haura sau dubu biyar ana umarni da lallashi kafin a ambaci duka. Wane malami ne a cikinmu yake faɗa sau biyar ma kafin ya ɗaga hannu? Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba, bai taɓa ce masa don me ka yi kaza ba. Malaman Malikiyya da suka halatta ladabtarwa, irin su Ibn Sahnun na Ƙairawan, sun ce kada malami ya wuce bulala uku sai da izinin uba. Ibn Khaldun kuma babi guda ya ware a littafinsa Muƙaddima kan cewa tsanani yana cutar da ɗalibi, ya ce yana koya masa kasala da ƙarya da makirci, saboda yana nuna abin da ba shi ne a ransa ba don tsoron hannu. Mutumin nan ya rasu a 1406, ba a Amurka ya karanto ba.

Anti Nas:
Ni ba malama ba ce, amma akwai abin da ba a taɓo ba, wato alkunya. Ni 'yar fari ce. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa kiran sunana ba, balle ya ce na yi ƙoƙari. In na kawo sakamako zai karɓa ya duba, ya ninke, ya ce "kai wa uwarki". Ita kuma da ta fi shi alkunya sai ta tura ƙarƙashin katifa. Na girma ina zaton ba su damu ba.

Ina aji uku na sakandare, ranar nan ina bayan zana ina wankin kwanuka, goggona ta zo, suna zaune da shi a tsakar gida. Bai san ina wurin ba. Na ji ya rage murya yana cewa, "Yarinyar nan taki, tun da ta fara makaranta ban taɓa tashinta da asuba ba, ita ke tashi. Ko littafi ba ta taɓa ɓatarwa ba." Kwanon da ke hannuna sai da ya kusa suɓucewa. Yau shekara ashirin da wani abu, aiki nake na dare da rana a asibiti, kuma duk sanda na ji kasalar tashi maganar nan ce ke tashe ni.

Don haka ba wai iyayenmu ba sa yabo ba ne, hanya suke sauya masa, ta bakin goggo ko kaka ko maƙwabci. Ustaz, ka ga na Abdullahi ɗan Umar ma ta wajen yayarsa ya biyo. Malama, ki gwada. In uwar yaro ta zo, ko kin haɗu da yayansa a hanya, ki faɗi abu ɗaya mai kyau da kika gani. Kafin magariba ya isa kunnensa, kuma ya fi na ido da ido nauyi, don ya san ba lallashinsa ake yi ba.

Kuma a riƙa haɗawa da tubarkalla masha Allah. Akwai iyayen da in kika yabi ɗansu a bainar jama'a ba daɗi za su ji ba, tsoron baki za su yi.

Alaramma:
Mu da aka ce ba mu san komai ba sai dorina, a ba mu dama mu ce wani abu. Ban musa ba, akwai duka a tsangayu, wani ma ya wuce hankali, Allah ya shirye mu. Amma ba dorina ce take sa yaro ya sauke ba.

Ku tambayi duk wanda ya yi makarantar allo, wace kalma ce ta fi masa daɗi? "Je ka wanke." Ya zo ya durƙusa ya biya allonsa babu gyara, malam ya ce ya wanke. Ka ga yadda yake tafiya wurin wankin, allo a kafaɗa, yana waiwayen 'yan uwansa. To mene ne ladan? Sabon rubutu, wanda ya fi na jiya wuya. Ladan karatu ƙarin karatu.

Sannan a wajenmu in yaro ya kai wani babban mataki, kamar Sabbi ko Amma, akan aika gida a yi sadaka, a kawo ƙosai ko waina. Wa ke ci? 'Yan makaranta duka. Shi ya sa ba wanda ke jin haushin wanda ya ci gaba, addu'a ma suke yi ya yi sauri. Ranar sauka a yi wa allonsa zayyana, ya zaga dangi da shi. Ga sunaye kuma, daga kolo zuwa titibiri, zuwa gardi, har a kai alaramma da gwani da gangaran. Ba a ba mutum ɗaya daga ciki don a faranta masa. Alawarki, Malama, laifinta biyu: ta yi arha, kuma mutum ɗaya ke shanye ta saura suna kallo.

Injiniya:
Bari in kawo nawa, don ni yabo ne ya kusa kai ni ƙasa. Tun firamare ni ne na ɗaya. "Kansa na ja." "Wannan ba ya buƙatar karatu, ji ɗaya yake yi." Malamai suna faɗa, gida ana faɗa, ni ma na yarda. Har na gama sakandare ban san yadda ake zama a yi fama da abin da ba a gane ba, don in abu ya yi min wuya sai in kauce masa, kada a ce ashe ba haka nake ba.

Shekarar farko a jami'a lissafi ya kayar da ni. Kunya ta hana ni zuwa wurin abokai su koya min, ni da ake zuwa wurina. Na dawo hutu mahaifina ya tambaya, na dube shi na ce komai lafiya. Shekara biyu ina wannan ƙaryar. Wani ɗan ajinmu da muke yi wa dariya a sakandare don sai ya tambayi abu sau uku, shi ya zaunar da ni ya fitar da ni. Yanzu 'yata in ta kawo goma bisa goma ba na ce mata gwana, tambayarta nake wanne ne ya fi ba ta wuya, yaya ta yi da shi.

Malamar Kwaleji:
Injiniya, kamar kai aka duba aka yi binciken Mueller da Dweck na 1998 (Baban 'Yan Biyu ka yi haƙuri, Amurka ce dai). Yaran aji biyar aka ba tambayoyi masu sauƙi. Da suka gama, wasu aka ce musu lallai kuna da ƙwaƙwalwa, wasu aka ce lallai kun yi aiki tuƙuru. Daga nan aka ba kowa masu wuya, duk suka sha kashi, sannan aka dawo da su kan masu sauƙi irin na farko. 'Yan ƙwaƙwalwa suka yi ƙasa da yadda suka yi da farko, 'yan aiki tuƙuru suka ƙaru. Da aka ce kowa ya rubuta wa yaran wata makaranta makin da ya ci, kusan kashi 40 cikin 100 na 'yan ƙwaƙwalwa suka ƙara wa kansu maki.

Abin da ya ba ni mamaki yau shi ne, Ustaz ya ce tsanani na koyar da ƙarya, ga shi irin wannan yabon ma ƙarya yake koyarwa. Duka biyun yaro yana kare kansa ne. Sai dai kada a ɗauka "ka yi ƙoƙari" wata laya ce. In kika ce wa yaron da bai taɓuka komai ba ya yi ƙoƙari, ya san ƙarya kike, kuma daga ranar yabonki ya faɗi a kasuwarsa.

Mushe na Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan maki a kan 20 muke bayarwa, kuma ƙarshen zango malaman aji suna zama su raba shaidar yabo hawa-hawa: akwai ta taya murna, akwai allon girmamawa, akwai ta ƙarfafa gwiwa. Ita ta ƙarshen asalinta don wanda ya dage ne ko makinsa bai kai sama ba. Amma a aikace sai ka ga an bi jerin maki kawai an raba. Yaron da ya taso daga 5 zuwa 9 ya fi wanda ya zauna a 15 tun bara wahala, amma shi ba a kiransa, har yanzu "bai kai 10 ba". Ina jin ku ma haka ne, na ɗaya da na biyu da na uku su kwashe kyaututtuka, saura 80 su yi tafi su tafi gida.

Baban 'Yan Biyu:
Duk na ji. Amma malamin da ya yi wata biyu bai ga albashi ba, shi wa ya yaba masa? Ku fara gyara wannan.

Malamin Lissafi:
Gaskiya kam. Shekarata tara a mataki ɗaya, ƙarin girma sai a takarda. Kuma in mai duba makarantu ya zo, littafin tsara darasi kawai yake nema ya ja jan biro.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a, maganar albashi tana da nata zaren tun satin jiya, a kai ta can. A nan Malama muke taimaka wa.

Malamar Aji Huɗu:
Na gode ƙwarai, ina ta kwafa a littafi. Saura abu biyu. Na farko, in na yabi yaro a gaban aji sai a fita tara a yi ta tsokanarsa, "ɗan gaban goshin Malama". Akwai yarinyar da ta daina ɗaga hannu saboda haka. Na biyu, ta yaya mutum ɗaya zai ga alherin yara 80? Masu surutun su nake gani, su suka cika min ido.

Malamar Kwaleji:
Na farkon, ki rage murya. Kina zagawa kina duba littafi, ki sunkuya ki faɗa masa shi kaɗai, ko ki rubuta layi ɗaya a ƙasan aikinsa. Yara in sun fara girma sun fi son haka.

Na biyun, ki ari dabarar Alaramma ta ƙosai. Akwai wani wasa da aka fara gwadawa a wani aji huɗu a jihar Kansas a 1969. A kasa aji ƙungiya-ƙungiya, a rubuta doka biyu ko uku a allo, misali ba magana sai an ɗaga hannu, ba tashi sai da izini. Wanda ya karya, a ja wa ƙungiyarsa layi ɗaya, ba faɗa ba tsawa, a ci gaba da darasi. Duk ƙungiyar da layinta bai wuce biyar ba ta ci, ko da dukkansu ne. Ladan kuma ba na saye ba ne, irin su riga kowa fita. Ki fara da minti goma sha biyar a darasi ɗaya, kada ki ce yini guda.

Sannan ki ɗauki rajista, kullum ki sa ɗigo a gaban suna biyar, ki ce yau sai na kama waɗannan suna yin abin kirki. Cikin sati huɗu kin zagaye ajin. Za ki tarar da yaran da ba ki taɓa jin muryarsu ba, ba sa surutu, ba sa cin na ɗaya, shekara huɗu ba wanda ya kira sunansu sai wajen kiran rajista.

Tsohon Hedimasta:
Maganar Anti Nas ta hana ni barci jiya. Akwai wani yaro a wata makarantar ƙauye da na riƙe, babu irin dukan da bai sha ba, makara kullum. Ranar nan na bi sawunsa, ashe sai ya kai awaki jeji ya ɗebo wa kakarsa ruwa kafin ya taho. Ranar Litinin na kira shi gaban asambuli, ya fito yana miƙo hannu don ya saba. Na ce wa yara wannan ya yi aikin magidanci kafin ku wanke ido, na damƙa masa ƙarfen da ake buga wa makaranta, na ce daga yau shi ne mai ƙararrawa. Ya koma tashi tun kiran assalatu don ya gama da awakin. Bara ya zo gaishe ni da furfura a gemunsa, bai ambaci bulala ko ɗaya ba, ƙarfen nan ya tuna min.

Amma ina nan kan bakata, a bar tsumagiya a tebur.

Malamar Aji Huɗu:
Salam 'yan zaure, na dawo da rahoto bayan sati uku.

Alawa na daina. Na gaya musu gaskiya cewa kuɗina sun ƙare, suka yi dariya, kwana uku ana ƙorafi aka manta. Wasan layi-layi muna yinsa a darasin lissafi, na kasa su huɗu bisa jerin zama. Ranar farko duk suka faɗi. Yanzu yawanci uku suna ci, kuma su ke yi wa junansu "shhh", maƙogwarona ya huta. Matsala ɗaya, akwai yara uku a baya da suka gane in sun yi surutu jerinsu duka zai faɗi, abin ya zama musu abin alfahari. Shekaranjiya na ware su na ce su kaɗai ƙungiya ce. Ban san inda za ta kai mu ba tukuna.

Ɗigon rajista shi ya fi ba ni kunya. Na tarar da yarinya da ta fi kowa kyawun rubutu a ajin, wata bakwai tana gabana, sai da na duba rajista na tuna sunanta.

Yaron da na zane kuwa, na haɗu da yayarsa tana tallan awara a ƙofar makaranta, na ce ta gaya wa Innarsu shi kaɗai ne bai taɓa zuwa ba fensir ba. Bai ce min komai ba. Amma ranar Alhamis ina shiga na tarar an goge allo, dasta tana hannunsa, yana kallon taga kamar ba shi ba.

Mai tsintsiya har yanzu takan tambaya me za a ba su, amma yanzu tana faɗa tana dariya tana shara.

Tsohon Hedimasta:
Madalla 'yata. Tsumagiyar fa?

Malamar Aji Huɗu:
Tana kan tebur, Baba. Ranar Talata ma har na ɗauka saboda 'yan bayan nan uku, saura ƙiris, sai na tuna zan zo nan in ba da rahoto.